Sai jiya na gano inda ribar kamfanin nan ta maƙale

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon harkar hannun jari. Kusan wata biyu ban ce uffan ba, ba wai na daina ba ne, haushi ne ya rufe min baki. Jiya bayan isha'i na zauna da fitilar sola da kalkuleta da tarin takardu a kan tabarma, wajen ƙarfe ɗaya na dare na kamo bakin zaren, shi ne na ce bari in rubuto tun da zafinsa.

Bara bayan mun kaɗe riɗi na kai nawa kason Maigatari ranar Alhamis, na haɗa da kuɗin rago ɗaya, naira dubu 240 cif, na zuba a wani kamfanin sarrafa kaya da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX. Ba zan kama suna ba don laifin ba nasu ba ne, komai sun rubuta, ni ne ban karanta ba. Na duba ba giya suke yi ba, ba bankin ruwa ba ne, bashin ruwan da ke kansu bai kai kashi 30 ba. Abin da ya ja ni shi ne farashin ninki huɗu ne kacal na ribar kowane hannun jari, na ce ai shekara huɗu kuɗina sun dawo, wannan ai tsintuwa ce. Da shekara ta zagayo ko kwabo ba a raba ba, farashin kuma ya zube da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kuma kullum in na buɗe shafin riba sai in ga riba tana nan ɓul-ɓul. To ina kuɗin suka shiga?

Wannan tambayar ce ta hana ni barci. Sau uku ina karanta rahoton shekara a waya, shafi sama da ɗari, gilashin wayar ma a tsage, ka ja lamba ta yi girma sai kan layin ya ɓace ka manta wace shekara kake kallo. Ranar Litinin na gaji na hau acaɓa zuwa Gumel na sa aka buga min shafi 38 a takarda, naira ɗari kowane shafi, dubu 3,800 ke nan ban da dubu biyu na zuwa da dawowa, wallahi sai da na ji a raina don kuɗin ya isa cefanen kwana biyu. Amma da na baje su ƙasa, shafin riba a hagu, shafin shige da ficen tsabar kuɗi a dama, abin da waya ta ɓoye min wata da watanni ya fito fili.

Layin tsabar kuɗin da ainihin sana'ar kamfanin ta kawo, lambar a cikin baka take, wato wannan alamar ( ). Ni duk tsawon lokacin nan ban san baka na nufin ragi ba ne, wato fita kuɗi suka yi ba shigowa ba, na ɗauka ado ne na masu lissafi. Don Allah wanda bai sani ba ya riƙe wannan. Daga nan na bi ƙananan lambobin da ke gefen kowane layi zuwa bayanan da ke can baya, inda rubutun yake ƙanana kamar tururuwa. A ƙarƙashin sauran kuɗin shiga na tarar sun sayar da wani fili da sito, kuma ribar wannan cinikin ita ce fiye da rabin ribar shekarar gaba ɗaya. Fili kuwa sau ɗaya ake sayar da shi. Sannan bashin da suke bin dillalansu ya kusa ninkawa alhali ciniki ɗan kaɗan ya ƙaru. Nan take na tuna shagon kawuna, Allah ya jiƙansa, littafin bashinsa cike da sunaye, a lissafi mai riba ne, amma ranar da zai je saro kaya Kano sai ya ranta kuɗin mota. Kamfanin da na saya haka yake, girma ne kawai ya bambanta su.

Da na cire kuɗin filin na sake rabawa, ninki huɗun nan ya koma kusan goma sha ɗaya. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, jiran shekara goma sha ɗaya ba araha ba ce, gara ma in sayi ɗan maraƙi in yi kiwo. Ashe abin da Benjamin Graham, sanannen malamin harkar hannun jari na Amurka, ya nace a kai ke nan, kar ka auna kamfani da ribar shekara guda, ka haɗa ta shekaru da dama ka ɗauki matsakaici, sannan ka saya ƙasa da abin da ka auna sosai don ko ka yi kuskure ka sami wurin faɗuwa. Na san maganar tun tuni, har na sha faɗa wa wasu a majalisa, amma da na ga lamba huɗu sai ido ya rufe.

Abin da ya ƙara faranta min, da na gane wannan sai wani abu da ya daɗe yana ɗaure min kai ya warware. MTN Nigeria ta bayyana asarar kusan naira biliyan 137 a 2023, shekarar da aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja a watan Yuni, alhali kowa a garinmu kati yake saye ba fashi. Faɗuwar naira ce ta kumbura abin da ake bin su da dala ta cinye ribar a takarda, ciniki kuwa ƙaruwa ma ya yi. Wato takarda kan nuna riba babu kuɗi, kan kuma nuna asara kuɗi na shigowa. Ba ina cewa a saya ba, ban auna shi ba tukuna.

Maganar inda ake samo bayani kuwa, na fita daga zauren WhatsApp biyu masu turo "wannan zai tashi gobe". Shafin NGX kyauta ne, sashen da kamfanoni ke saka sanarwarsu, rahoton shekara da masu binciken kuɗi suka sa wa hannu ya kamata ya fito cikin kwana 90 bayan rufe shekara, na wata uku-uku kuma cikin kwana 30. Matsalar sabis ce kawai, sai na je bakin firamare inda tudu yake, can na sauke na shekara biyar da asuba kafin jama'a su tashi.

Ban sayar ba har yanzu. Matsakaicin shekara biyar ɗin na nuna min farashin yau ya kusa daidai, ba riba ba mummunar asara, don haka ina jiran rahoton wata uku mai zuwa in ga ko dillalan sun fara biya. Inda na tsaya yanzu shi ne jadawalin da ya kasa bashin gida-gida, na kwana 30, na 90, da wanda ya haura shekara. Wanda ya haura shekarar nan, ku kuna zubar da shi gaba ɗaya ne in kuna auna kamfani ko rabi kuke cirewa? Ni dai a littafina na cire duka da fensir.