Sulke da Zufa a Filin Grunwald

Ƙarfe biyar na safe muka bar Warsaw, amma gari ya riga ya waye tas. Haka Yuli yake a Poland: kafin ka gama juyin farko a kan gado asuba ta yi, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare. Abokin karatuna ne, ɗan ƙasar, ya ja ni tafiyar. Tun lokacin sanyi yake damuna da zancen Grunwald, filin wani tsohon yaƙi, ni kuwa ina ta yi masa gobe, jibi, har ranar da ya faka motar mahaifinsa a ƙofar gidan da nake haya ya ce ba zai motsa ba sai na fito.

Muka ɗauki babbar hanyar da ta nufi Gdansk, muka yi arewa. Tafiyar kusan kilomita 200 ce, gonakin alkama hagu da dama, sai daji, sai tafkuna da muka fara gani bayan mun shiga yankin Warmia da Mazury. A ƙauyukan akwai wasu manyan tsuntsaye 'yan uwan shamuwa, farare masu baƙin fiffike da jan baki, sun yi sheƙa a kan turakun lantarki. Abokina ya ce ƙarshen Agusta suke tashi su nufi Afirka. Na daɗe ina waiwayensu ta gilashi.

A hanya ya ba ni labarin yaƙin, da irin zafin da mutum ke ba da labarin rikicin gadon gidansu. Ranar 15 ga Yuli, 1410, Sarkin Poland Jagiello da ɗan baffansa Vytautas, mai mulkin Lituweniya, suka haɗa runduna suka kara da wata ƙungiyar baraden Jamusawa 'yan Salibiyya, masu farar alkyabba da baƙin gicciye. Asalin ƙungiyar a Akka ne, a ƙasar Falasɗinu, wajen 1190, inda ta fara da jinyar marasa lafiya. Daga baya ta koma bakin tekun Baltik ta kafa ƙasa da kaifin takobi, da sunan yaƙar maguzawan wurin. To Lituweniya ta karɓi Kiristanci a 1387, hujjar ta ƙare, amma kwaɗayin ƙasa bai ƙare ba. A Grunwald aka karya su, aka kashe shugabansu Ulrich von Jungingen a fagen fama. Tun 1998 ake taruwa kowace shekara a wannan fili a sake kwaikwayon yaƙin.

Da muka isa sai da muka ajiye mota a wata gona da aka yanke wa ciyawa, muka taka da ƙafa cikin cincirindon mutane. Daga nesa ake hango dogayen ƙarafan tunawa da aka kafa a 1960, lokacin da yaƙin ya cika shekara 550. A gefensu sansanin masu kwaikwayo yake, tantuna na farin yadi jere a jere, hayaƙin itace na tashi. A cikin sansanin ba ka ganin roba ko leda. Akushi na itace, cokali na itace, mata da dogayen riguna suna dafa abinci a tukwanen ƙarfe da aka rataya a kan wuta. Wajen masu sayar da abinci kuwa sai da na yi hattara. Na miƙa hannu zan sayi wani yankan burodi da aka shafe da farin abu kamar man shanu, abokina ya riƙe min hannu ya ce kitsen alade ne. Na koma kan gasasshen cuku da kokwamba mai tsami, su suka riƙe ni har dare.

Rumfar wani maƙeri ce ta fara tsayar da ni. Dattijo ne mai furfura a gemu, yana zaune da awartaki biyu yana saƙa sulke. Zobe ɗaya yake ɗauka, bai kai girman farcen ɗan yatsa ba, ya zura shi cikin zobba huɗu, ya haɗe bakinsa ya danne da ɗan ƙusa ƙarami kamar ƙwayar gero. Haka zai yi sau dubbai kafin riga ta fito. Ya ɗora min wadda ya gama a kafaɗa, na ji ta zubo min kamar ruwa mai nauyi. Na ce masa, ta bakin abokina, ai na san wannan rigar tun ina yaro a kafaɗar babana ina kallon hawan sallah, 'yan sulke da 'yan lifida suna wucewa a gaban sarki. Ya ɗago kai da mamaki. Na ƙara masa da cewa tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma lissafin masana ya sa ƙarshen mulkinsa a 1410, shekarar da aka gwabza a wannan fili da muke tsaye. Dattijon ya ajiye awartaki ya sa aka maimaita masa sunan har sau uku.

Muna nan sai na ji wata ƙara daga bayan tantuna, kamar ana jifan kwanon rufi da duwatsu. Abokina ya ce, "Zo ka ga buhurt. Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne."

Fage ne ɗan madaidaici, an kewaye shi da shingen gungumen katako da ya kai ƙirjin mutum. Mutum biyar a wannan gefe, biyar a wancan, kowa a rufe da ƙarfe daga kai har ƙafa, ba ka ganin komai sai ɗan tsagin da ido ke leƙowa. Kayan jikin mutum ɗaya kan kai kilo 30, ga rigar auduga mai kauri a ciki irin lifidinmu, ga zafin Yuli. Makaman na ƙarfe ne na gaske: takobi, gatari, barandami mai doguwar ƙota, kulki. An dasashe kaifinsu, an daddage tsininsu, amma nauyinsu na nan. Dokar ba ta da yawa. Sara ake yi, ba a suka. Ba a dukan ƙeya, ba a dukan bayan gwiwa, ba a dukan al'aura. Wanda duk wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, hannu ne ko gwiwa, ya fita, zai zauna a inda ya faɗi har a gama, kuma ba mai sake taɓa shi. Ɓangaren da ya rage da mutum a tsaye shi ya ci.

Ina jin wannan doka sai dambe ya faɗo min a rai. A gidan dambe ma hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, hannun da aka naɗe shi ne mashi, ɗayan garkuwa. Mu muka ajiye makamin muka riƙe sunansa, su kuma suka riƙe makamin suka cire masa kaifi.

Alƙali ya ɗaga tuta ya sauke. Ban taɓa jin ƙara irin wannan daga jikin bil'adama ba. Wani ƙato ya sheƙo da gudu ya bangaji na gabansa da garkuwa, suka tafi tare suka daki shinge har gungumen ya girgiza a ƙarƙashin hannuna. Mutum biyu suka taru a kan ɗaya, wannan ya maƙale masa wuya, wancan yana zuba masa gatari a kwalkwali, ɗaya, biyu, uku, kamar mai faskare. Yana ta tangaɗi amma ya ƙi faɗuwa, ya saƙale hannu a katako ya kafe. Ina kusa da su har ina jin numfashinsa yana fita ta ramukan kwalkwalin, da warin zufa da tsatsa da man da suke shafa wa ƙarfen. Jama'a suka ɗauki ihu. Wata mata a gefena, da jariri a keken turawa, tana dukan shinge da tafin hannu.

A nan ne na ji wata murya tana cewa, "Ƙara masa! Kai, ƙara masa!" da Hausa. Tawa ce. Ban san mutumin ba, bai yi min komai ba, minti biyu da suka wuce ma tausayinsa nake ji. Amma ga ni na ɗage a kan yatsun ƙafa ina so a kai shi ƙasa, kuma so nake a kai shi da ƙarfi. Da ya durƙusa a ƙarshe sai na ji wani daɗi ya ratsa ni, bayansa kuma kunya ta biyo.

Abin da ya faru a cikin fagen ya bambanta da abin da ke faruwa a bakin shinge. Gwiwarsa na taɓa ƙasa, mai gatarin da ya riga ya ɗaga hannu ya tsayar da shi a sama, ya juya ya nemi wani. Duk zagayen bai kai minti biyu ba. Da aka tashi, shi mai gatarin ne ya dawo ya kama shi ya miƙar, ya taya shi kwance igiyar kwalkwali. Fuskar da ta fito ta wani saurayi ce, ja wur, gashi ya manne da goshi, yana haki yana dariya. Suka haɗa goshi.

Na bi shi har inuwar tantinsu, inda wata budurwa ke zuba masa ruwa a ka. Ya ce aikin kwamfuta yake yi a wani kamfani, sau uku a mako yake atisaye. Ya nuna min yatsu biyu da suka taɓa karyewa suka ɗore a karkace. Na tambaye shi ko yana jin haushin mai dukansa. Ya girgiza kai ya ce mai fushi ba ya daɗewa a wannan wasa, domin numfashinsa ke fara ƙarewa, kuma ba wanda zai yarda ya shiga fage da mutumin da ba ya iya tsayar da hannunsa. Ya ce, "Kaina nake ba shi amana. Gobe shi zai ba ni nasa."

Na yarda da shi, amma ban yarda duka ba. Dukan gatari a kwalkwali dukan ƙwaƙwalwa ne ko da jini bai fito ba, kuma saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai ba ya lissafin yadda kansa zai kasance yana da hamsin. Wannan gaskiya ce a buhurt, gaskiya ce a dambe. Sai dai abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mu 'yan kallo. Na cikin fage yana da doka, yana da alƙali, yana da ciwon da zai tuna masa iyaka. Na bakin shinge ba shi da ko ɗaya, ihunsa kyauta ne. Abokina ya ba ni labarin wasu magoya bayan ƙwallon ƙafa a ƙasarsu da ke sa rana su haɗu a daji su yi ta dukan juna, ba ƙwallo ba raga. Ni ma na tuna ranar da na ga an rufe alƙalin wasa da jifa a wani filin ƙwallo a gida, kuma waɗanda suka fara jifan ba su buga ko minti ɗaya ba.

Babban kwaikwayon da aka yi bayan azahar, wanda dominsa dubban mutane suka zo, bai kama ni kamar wancan ba. Mun zauna a kan gangaren tudu, masu kwaikwayo fiye da dubu suka cika fili da dawakai da tutoci, mai sharhi yana bayani ta lasifika. Aka nuna yadda manzannin Jamusawa suka kawo wa Jagiello takubba biyu tsirara don su tsokane shi ya fito, ya karɓa a natse. Aka nuna rundunar Lituweniya ta ja da baya sannan ta dawo. Ni idona na kan wasu mahaya masu hular gashi da kwari da baka, Tatar, Musulmin da suka yi yaƙin a ɓangaren Vytautas ƙarƙashin Jalaluddin ɗan Tokhtamysh. Har yau akwai Tatar a gabashin Poland, da tsofaffin masallatansu na katako a Kruszyniany da Bohoniki. Da aka kayar da shugaban Jamusawa daga kan doki, tudun nan gaba ɗaya ya miƙe da sowa. Kowa ya san ƙarshen labarin tun daga gida, amma sowar ta gaske ce. Bayan an gama, matattu suka tashi suka kakkaɓe ciyawa, aka yi ta ɗaukar hoto da su.

A hanyar fita na ga wasu yara biyu, wa da ƙane, da takubban katako da aka saya musu. Ƙaramin ya yi tuntuɓe ya faɗi, babban ya bi shi da sara a baya. Wani mai sulke da ke wucewa, kwalkwalinsa a hammata, ya tsaya ya durƙusa da ƙyar, ƙarfe na ƙara, ya riƙe takobin yaron ya yi masa magana a hankali. Na tambayi abokina me ya ce. Ya ce cewa ya yi, wanda ya faɗi ba a dukansa.

Da za mu koma abokina ya ce akwai wurin da yake so na gani kafin duhu, a gefen garin Olsztynek, tafiyar 'yan mintuna. A mota ya bayyana min cewa yaƙin nan suna uku gare shi. Mutanen Poland na ce masa Grunwald. Na Lituweniya na ce masa Zalgiris, sunan da babbar ƙungiyar ƙwallon kwando ta birninsu Kaunas ke amsawa har yau. Jamusawa kuma na ce masa Tannenberg, kuma shekara ɗari biyar ba ta sa sun manta ba. A Agustan 1914, da suka murƙushe rundunar Rasha a wannan yanki, sai suka raɗa wa nasarar suna Tannenberg don a ce an rama 1410. Suka gina ƙaton ginin tunawa mai hasumiya takwas a gefen Olsztynek, a cikinsa aka binne Hindenburg, kwamandan da ya jagoranci wannan nasarar, a 1934, Hitler na tsaye a wurin. A Janairun 1945, da sojojin Sobiyet suka matso, Jamusawan da kansu suka kwashe gawar suka sa wa ginin nakiya.

Muka ajiye mota muka bi wata 'yar hanya cikin bishiyoyi. Wurin yanzu wani ɗan kwari ne da ciyawa ta rufe, sai ɓaraguzan bulo nan da can da saiwoyi suka naɗe. Ba kowa sai wani mutum da karensa. Abokina ya tsaya shiru, hannu a aljihu. Lokacin la'asar na neman ƙurewa, na duba alƙibla a waya, na shimfiɗa rigar sanyina a kan ciyawa. Har na idar kunnena bai daina amsa ƙarar gatarin nan a kan kwalkwali ba.