Kalma ɗaya da ta ja mini takardar gargaɗi

Gobe zan miƙa makullin ɗakin sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayananmu, bayan shekarun da na yi ina kula da rumbun bayanan kamfanin nan a Sakkwato. Rana guda ce har yau ba ta bar zuciyata ba.

Watan Afrilu ne, zafi kamar ya dafa mutum. An ɗauke wuta, janareta ba mai, batiran inbata suna kuka. Oga ya kira ni: "Kai, kashe sabar yanzu kafin ta mutu da kanta." Na ce, "Yallaɓai, 'yan rassanmu na Illela da Tambuwal suna ciki, suna shigar da rasit." Ya ce ba shawara ya nema ba.

Da Oracle, wata manhajar rumbun bayanai, na koyi aiki. A can, umarnin da ake kira imidiyet kashewa ce mai ladabi: ta sallami mutane, ta soke aikin da ba a gama ba, ta rufe lafiya. Mu kuwa manhajar PostgreSQL muke da ita, inda wannan ladabin sunansa fas. Imidiyet ɗinta daidai take da fizge waya daga soket. Hannuna ya rubuta abin da ya saba: imidiyet.

Da aka dawo da wuta, sabar ta gyara kanta daga kundin da take rubuta kowane canji a ciki. Amma rasit ɗin rassa na wuni suna zama ne a teburan da ba a sa su cikin kundin ba, wai don sauri, kuma irin waɗannan teburan PostgreSQL share su take yi idan ba a rufe ta lafiya ba. Oga ne ya tsara haka. Na taɓa yi masa magana a kai, da baki kawai. Ni aka ba takardar gargaɗi, shi bai ce uffan ba. Ma'ajinmu na Illela ya kai bayan isha'i yana sake shigarwa daga kwafin takarda. Da na ba shi haƙuri ya ce, "Ba komai, ƙanena." Wannan ta fi takardar yi mini ciwo.

Wanda zai gaje ni, ka duba pg_stat_activity, inda ake ganin waɗanda ke ciki, kafin ka taɓa komai, ka kira rassa ɗaya bayan ɗaya. Simat, ɗaya hanyar kashewar, tana jiran kowa ya fita, kada ka dogara da ita batir na ƙarewa. Umarnin manya kuma ka nema a rubuce. Teburan nan na gyara su tuni, ba wanda ya sa ni.