"Ai Na Taɓa Karanta Irinsa"

Akwai maganar da ke ba ni haushi a bakin masu karatu. Da zarar marubuci ya fitar da labarin marainiya da kishiyar uwa, ko na masoya biyu da iyaye suka raba, sai ka ji an ce satar fasaha ce. To, daga wa aka sata? Marainiyar nan da takalminta ya faɗi aka bi gida-gida ana gwadawa, Charles Perrault ya buga labarinta a Faransa a 1697. Amma tun ƙarni na 9 Duan Chengshi ya rubuta ta a ƙasar Sin, sunanta Ye Xian, takalminta na zinariya, ƙasusuwan wani kifi ne ke biya mata buƙata. Shakespeare ma da ake kambamawa, Romeo da Juliet ɗinsa daga doguwar waƙar Arthur Brooke ta 1562 ya ɗauko. Vladimir Propp kuwa, wani masanin tatsuniyoyi ɗan Rasha, tankaɗe tatsuniyoyin Rasha kimanin ɗari ya yi, a 1928 ya ce matakai 31 kacal suke ta juyawa a kai.

Misalin da ya fi kwanta mini shi ne akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Akwai tsohon littafin Indiya, Shukasaptati, inda wani ɗan kasuwa ya yi tafiya ya bar matarsa da aku. Kullum dare sai ta ci ado za ta fita wurin wani namiji, akun ya tsare ta da labari har niyyar ta wuce. A wurin Imam, sarki ne ya tafi yaƙi, ɗansa Musa ke ƙoƙarin fita, mugun waziri kuma ya ɗana masa tarko a waje. Tsuntsu ɗaya, dabara ɗaya. Amma a can mutuncin aure ake karewa, mai karatu na murmushi. A nan rai da gadon sarauta ne, duk lokacin da yaron ya nufi ƙofa sai gabanka ya faɗi. In wannan sata ce, Allah ya ƙaro mana irin waɗannan ɓarayi.

Ni abin da ke sa in ajiye littafi daban ne. Jarumi kullum ɗan mai kuɗi, miskili, magana ma wahala take ba shi. Ransa ya ɓaci, ya furzar da iska mai zafi. Ya gan ta, ya lumshe ido. Kowane babi sai an sauke ajiyar zuciya, har na kan ji tausayin zukatan nan. Wannan marubucin bai tsaya ya kalli mutum ba, daga littafin da ya karanta jiya ya kwaso motsin gaba ɗaya.

Kishiyar uwar ma haka, muguwa ce kawai don ana buƙatar muguwa. Alhali da za a nuna mini ita tana tsaye bayan labule, tana jin baƙi na tambayar marainiyar, ba wanda ya ko ambaci 'yar cikinta da ta girme ta, da na fahimci inda ƙiyayyar ta tsiro. Ba zan yafe mata ba, amma zan kwana ina juya shafi, ko da na san a ƙarshe takalmin ƙafar marainiya zai shiga.