Shurin bindiga ba shi ke fasa faifai ba

Shekara biyu na yi ina harbin faifan yumɓu da harsashin da ya fi ƙarfin kafaɗata, kuma ba wanda ya tilasta mini. In na tsaya gaban kwalayen harsashi, idona kan lamba mafi girma yake sauka: giram 32 na dalma, gudu mafi tsanani. A tunanina na lokacin, abin da na'ura ta cilla sama yana gudu sai an bi shi da ƙarfi, kuma cikakken maharbi shi ne wanda bindiga za ta shura bai ko motsa ba. Ƙannena masu shigowa wannan wasa, tunanin nan ya ci mini lokaci mai yawa, shi ya sa nake so ku ji yadda ta kaya kafin ku sayi kwalinku na gaba.

Zagayen farko, faifai 25, lafiya lau nake yin sa. Na biyu da dama-dama. Kafin in kai na huɗu kafaɗa ta yi tsami, kuncina na dama ya tashi, kai yana sarawa. Da daddare in na tuɓe riga sai in ga jini ya kwanta a gaban kafaɗar, faɗin tafin hannu. Ciwon bai dame ni ba, kwana uku ya washe. Abin da ban lura da shi ba shi ne darasin da jikina yake ɗauka a ɓoye.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar ne ya nuna mini. Ya tsaya a bayana ya kalli harbina, sannan ya ce, "Ƙanena, kawo bindigar. Ni zan riƙa sa maka harsashi, kai dai kawar da kanka." Na farko ya tashi, na biyu ya tashi. A na uku ashe ya saka na gwaji, wanda babu albarushi a ciki. Na kira faifai, na ja kunama, sai ƙyas, babu ƙara. Amma bakin bindigar ya duƙa ƙasa kusan taki guda, idanuna duka biyu a runtse, kafaɗata ta riga ta tunkuɗa gaba tana taryen dukan da bai zo ba. Ya dafa ni ya ce, "Ka gani? Saitinka lafiyarsa ƙalau. Gudun bindigarka kake yi."

Wannan zaburar ita ce babbar asarar da harsashi mai nauyi ke jawowa. Jiki ba ya jin lallashi a kan abin da ya saba masa da zafi. Da ya gane cewa jan kunama duka ne ke biyo baya, sai ya fara kare kansa tun kafin harsashi ya fita: ido ya ƙifta, kunci ya ɗaga daga jikin katako, hannu ya tsaya da bin faifai. Ƙarar harbin tana ɓoye duk wannan, shi ya sa mutum zai yi ta rantsuwa cewa shi ba ya zabura. Shigarta da sauƙi, fitarta da wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ku yanzu kuke ɗanyu.

Shurin nan lissafi ne, ba jarumta ba. Duk abin da bindiga ta tura gaba, ita ma ana tura ta baya daidai gwargwado. Abu uku ke yanke hukunci: nauyin dalmar, gudunta, da nauyin bindigar kanta. Kuma ƙarfin dukan ba ya raguwa kai-da-kai da nauyin dalma, ya fi haka saurin sauka, domin a lissafin ana ninka lambar da kanta. In gudu ɗaya ne kuma bindiga ɗaya, sauka daga giram 28 zuwa 24 yana rage dukan da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Daga 32 zuwa 24, ko daga 28 zuwa 21, ragin ya haura kashi 40 cikin ɗari. Giram huɗu a tafin hannu ba komai ba ne, amma ka ninka bambancin sau ɗari a yini guda ka tambayi kafaɗarka.

Na san abin da ke ranku, don ni ma shi ya riƙe ni: in dalma ta ragu, ai faifai zai riƙa kuɓuta. Ku ƙirga. A ma'aunin Amurka, ƙwayar dalma lamba 8 (lambar girman ƙwaya ce) tana kai kusan 410 a giram 28, kusan 350 a giram 24, ta ɗan haura 300 a giram 21. Faifan kuwa faɗinsa milimita 110 ne, an yi shi ne don ya fashe, 'yan ƙwayoyi ƙalilan sun ishe shi. Wanda ya sa faifai a tsakiyar watsin dalmarsa zai fasa shi da 24, wanda kuma ya harba a bayansa da mita guda, ko 36 ya ɗura ba zai taɓa shi ba. Ku dubi gasar Olamfik. Dokar hukumar harbi ta duniya, ISSF, ta tsayar da dalma a giram 24, ƙwaya kuma kada ta wuce milimita 2.6, ga faifan gasar tiraf, wato wadda faifai ke tashi a gaban maharbi yana nisa da shi, da aka saita ya yi tafiyar mita 76. Da wannan ɗan harsashin manyan maharba ke fasa fiye da 120 cikin 125. FITASC, wata hukumar harbin faifai ta duniya, ta yarda da 28, gasar tiraf ta Amurka ta yarda da 32, amma waɗannan iyaka ce aka sa, ba a ce dole sai ka kai ta ba.

Gudu kuma ya fi nauyi yaudara, don shi ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali. Ƙwayar dalma ƙanƙanuwa ce, iska tana cin gudunta nan da nan, kuma wadda ta fi sauri ita iska ta fi turjewa. Kafin a kai mita 30, ratar da ke tsakanin mai sauri da mai matsakaicin gudu ta ragu ƙwarai. Kai kuwa ka riga ka biya kuɗin saurin gaba ɗaya da kafaɗarka tun a bakin bindiga. Sauka daga mita 400 a daƙiƙa zuwa 365 kaɗai yana cire kusan kashi ɗaya cikin shida na dukan. Sannan kamfanoni ba wuri ɗaya suke auna gudun ba, wani a bakin bindiga, wani a ɗan gaba, don haka kada ku gwada lambar kwali biyu ku ce kun gama bincike.

Bayan na fahimci haka sai na yi kuskure na biyu, na garaje. Na sayi harsashi mafi sauƙi da na samu, da yawa, ban gwada ko kwali ɗaya ba, na shiga gasa da shi. Bindigata mai baki biyu ce, kuma irin wadda girgizar harbin farko ce ke shirya kunama don baki na biyu. Da girgizar ta yi kaɗan, sai kunamar ta ƙi komawa. Faifai biyu suka tashi tare, na fasa na farko, na ja don na biyu, shiru. Sau uku haka ta faru a ranar. Laifin ba na harsashin ba ne, nawa ne da ban san bindigata ba. Masu bindiga mai ɗura kanta su ma su kula: wasu ba sa fitar da kwanso in harsashi ya yi sauƙi da yawa, musamman waɗanda ke aiki da ƙarfin shurin, ba da hayaƙin albarushi ba. Ku sayi kwali ɗaya tukuna. Ku harba shi duka, ku ga ko bindigar ta karɓa. In filin yana da allon gwaji, ku harba a kansa daga nisan da kuka saba, ku ga yadda dalmar ke watsuwa, ko akwai gurbin da faifai zai bi ya wuce.

Akwai kuma masu cewa yaro ko mai ƙaramin jiki a ba shi bindiga lamba 20, wadda bututunta bai kai faɗin na lamba 12 ba, don ta fi sauƙi. A ɗauka kam ta fi sauƙi, amma rashin nauyin nan shi ke sa ta shuri. Lamba 12 mai nauyi da giram 21 a cikinta sau da yawa ta fi taushi a kafaɗa. In kuma kuna da duka biyun, ina roƙonku kada harsashinsu ya haɗu a aljihu ɗaya. Na 20 yana zamewa cikin bututun 12 ya maƙale, a ɗura na 12 a bayansa, bindiga ta tarwatse a hannun mutum.

Kumburin kuncina kuwa, ko da na sauya harsashi bai tafi duka ba, sai da aka gyara tsawon gindin bindigar aka sa masa roba mai taushi. Bindigar da ba ta zauna a jikinka ba za ta mare ka da kowane harsashi.

Yanzu da giram 24 nake yawancin harbina, 21 in ina atisaye ko faifan na kusa ne, 28 sai in faifan ya yi nisa sosai. Zaburar ta ɗauke ni fiye da shekara kafin ta lafa, kuma har yau in na gaji takan leƙo. Shi ya sa nake yawo da harsashin gwaji guda biyu a aljihun rigar harbina. Lokaci-lokaci nakan miƙa wa abokin harbi bindigar in ce ya ɗura mini, in kawar da kai, in kira faifai, shi kuma ya zuba wa bakin bindigar ido.