Yadda na gyara bayan Silverado, daga haƙoran giya zuwa salansa

Motata a-kori-kura ce ƙirar Chevrolet Silverado 1500 ta shekarar 2004, mai injin V8 na lita 5.3, kuma tayoyin baya kaɗai ke janta. Da na cire tayoyinta masu tsawon inci 31 na sa na inci 33, sai ta yi nauyin tashi, giya ta riƙa hawa da sauka a kan kowane ɗan tudu na manyan hanyoyin Texas. Abokai sun ba ni shawarar in fara da salansa, amma na ga cewa matsalar tana cikin aksil na baya, domin babbar taya tana rage ƙarfin da ke isa ƙasa.

Lissafin ba shi da wuya. Giyar baya da motar ta zo da ita 3.42 ce, wato babban faifai mai haƙora 41 da ƙaramin da ke juya shi mai haƙora 12 (41 a raba da 12). Idan ƙaramin ya koma haƙora 11 an sami 3.73, idan ya koma 10 an sami 4.10. Da yake giya ta huɗu a akwatin giyar motar, ƙirar 4L60E, tana kan 0.70 (wato injin yana yin kashi 0.70 na juyi ɗaya a duk juyi guda na sandar da ke zuwa aksil), a gudun mil 70 a awa injin yana juyawa kusan sau 1,700 a minti da sababbin tayoyin, alhali a da yana yin kusan 1,800. Giyar 3.73 za ta mayar da shi inda yake a da ne kawai, ita kuwa 4.10 za ta kai shi wajen 2,050. Na zaɓi 4.10 saboda tashi nake nema, kuma na amince da ƙarin man da za ta sha a doguwar tafiya.

Na tsaya a gareji na ga yadda makanike ya shafa wa haƙoran wani fenti ruwan ɗorawa, ya juya faifan da hannu, sannan ya duƙa yana duba inda fentin ya goge. Sai da shaidar ta zauna a tsakiyar haƙori ya yarda ya rufe murfin, domin giyar da ba ta zauna daidai ba kuka take yi har ta cinye kanta. Bayan haka na lallaɓa motar na mil 500 ba tare da jan kaya ba, na canja man giya, aka kuma gyara kwamfutar motar don mitar gudu ta daina ƙarya.

Tun da an riga an buɗe aksil, na canja difarenshal ɗin ma, wato na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya biyu. Na asali, wanda ake kira G80, yana kulle tayoyin biyu ne farat ɗaya idan guda ta fara sulɓi a ƙaramin gudu, abin da ke da amfani a cikin laka amma ba shi da daɗi ga wanda ke taka totur da ƙarfi a kan kwalta. Na sa Truetrac na kamfanin Eaton, wanda ke raba ƙarfi ta hanyar karkatattun haƙora, babu kulocin da zai cinye. Rauninsa shi ne idan taya ɗaya ta tashi sama gaba ɗaya, sai an ɗan taɓa birki kafin ɗayar ta kama.

Salansa na bari ƙarshe, kuma ban taɓa na'urar tace hayaƙi ba, domin dokar Amurka ta hana cire ta daga motar da ke hawa titi. Daga bayanta na sa bututu guda na inci 3 da tukunyar rage ƙara mai matsakaiciyar murya. Ƙarfin da ya ƙaru kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da giya ta yi. Abin da na fi sa wa ido shi ne gurnanin da ke cika cikin mota a gudun babbar hanya, kuma da yake canjin giya ya sauya yawan juyawar injin a wannan gudun, sai da na san sabon adadin na iya zaɓar tukunyar da ba za ta sa mini ciwon kai ba.