Ku taɓa hannun tsofaffinmu: wasiƙa daga Abijan zuwa Tawa

Assalamu alaikum, iyayena da ƴan'uwana na Tawa. Ya gida, ya zafi?

Maganar Kawuna ce ta sa na rubuto, wanda muke zaune tare a unguwar Ajame. Shekarunsa 72. Bara sau uku yana yanke jiki ya faɗi, ɗaya ma a sahun La'asar. A yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ya ce ba komai, jiri ne. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce tsufa. Ni kaina saiwa na yi ta jiƙa masa har wata shida, kuma har gobe abin na ci mini rai.

Ranar da muka kai shi asibiti, likita ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa yana kallon agogo. Bugu 35 a minti ɗaya. Ya ce babba in yana zaune, zuciyarsa kan buga 60 zuwa 100. Ashe zuciya na da ƴar wutar lantarkinta da ke ce mata ta buga. In shekaru suka ja, hanyar wutar kan lalace, bugun ya yi sanyi, jini ya kasa isa kai yadda ya kamata, sai mutum ya zube.

Aka ce sai an sa masa na'urar da a nan ake kira pil. Ba ta kai kwalin ashana ba. Ba a fasa ƙirji, ƴar tsaga ce a ƙasan ƙashin wuya, a zura siririyar waya ta jijiyar jini har cikin zuciya, idon mutum biyu. In bugun ya yi jinkiri, sai ta zabure shi.

Kawu ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ƙarfe a jikina?" Na ba shi labarin Arne Larsson, mutumin Suwidin da aka fara dasa wa ita a 1958, bai rasu ba sai 2001. Ya yi shiru, can ya ce Bismillah.

Akwai tsada, ba zan ɓoye muku ba. Ƴan Adar na kasuwa ne suka haɗa mana gudummawa, Allah ya saka musu. Pil ɗin kan yi shekara 5 zuwa 15, amma sai ana komawa awo. Salula kuma ta bar aljihun ƙirji don kada ta dami pil ɗin, wannan ne faɗanmu na kullum da shi.

Roƙona, wanda ke da tsoho mai yawan jiri, ko haki, ko suma, ya ƙirga bugunsa na minti guda. In ya yi ƙasa sosai, a kai shi a auna zuciyar, a tafi da magungunan da yake sha, don wasu na hawan jini ma kan rage bugu.

Kawu yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Ya ce in gaishe ku, yana sa ran Babbar Sallah a gida.

Naku,
ɗanku na Abijan