Abin da na faɗa wa injiniyoyi a ƙofar mai unguwa

Sana'ata gyaran keke ce da sayar da kayansa, a rumfar bakin titi cikin birnin Kano, ni da yaran da ke koyo a hannuna. A da babur ya kusa kashe mana kasuwa. Hana acaba a 2013 ya ɗan farfaɗo da mu, amma tun 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, malaman makaranta da ƙananan ma'aikata ke ta zaro tsofaffin Raleigh da Phoenix daga zaure, sarƙa duk tsatsa, a zo a tayar musu.

Shi ya sa da aka tara mu a ƙofar mai unguwa, injiniyoyi suka baje zane, suka ce za a ware gefen titinmu don masu tafiya a ƙasa da masu keke, na yi murna har raina. Suka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Na ce, ranka ya daɗe, ni daga kekunan da ake kawo mini nake gane inda hanya ke da illa. Yawancin rim ɗin da nake miƙewa murfin kwata ne ya lanƙwasa su. Ana jera silab a bar tsaga tana bin tsawon hanya, tayar keke kuwa siririya ce, tana faɗawa ciki sai mutum ya kife ta ka. A haɗe bakinsu, ko a sa tsagar a gicciye. Sai rairayin da ke taruwa a gefe bayan damina, wanda ke kwashe tayar gaba. Kuma fenti kaɗai ba zai hana ɗan adaidaita sahu hawa ya ɗauki fasinja ba, sai an ɗaga dakali, a bar gangara a kowace mahaɗa saboda keken guragu da kurar 'yan ga-ruwa.

Maganar da ta fi tawa nauyi ta fito ne daga bakin Iya mai ƙosai. Cewa ta yi, "Ɗana, to kaskona fa, ina za shi?" Gaskiya ta faɗa. In ba a yanka wa mai ƙosai da mai shayi da mai faci wuri a cikin zanen ba, wata ɗaya ya yi yawa za su dawo kan hanyar, don abincinsu a nan yake. Rumfata ma sai ta ja baya, na kuma yarda.

Dattawa suka kawo kukan samari masu gudu ba birki, suna taka taya da silifa. Wannan kam aikinmu ne. Na ɗauki alkawari ranar 3 ga Yuni, ranar keke ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018, duk ɗalibin unguwar da ya kawo kekensa zan ɗaure masa birki kyauta, ƙararrawa kuma a kuɗin sari.